Ranar da Audi Ya Koma Gandu

Malam Gidaɗo da Audi nono ɗaya suka sha. Uwar Gidaɗo ta rasu yana jinjiri, sai mahaifinsa Malam Maigandi ya aika Dundaye, inda gandunsa yake a hayin gulbi, aka zo da wata baiwarsa mai suna Iyatu, tana goye da nata jaririn. Ita ta shayar da su duka biyu, suka yi rarrafe a tsakar gida ɗaya cikin birnin Sakkwato. Amma tun ba su iya tsarki ba kowa ya san wurinsa. Gidaɗo kan buzu yake zama, Audi a ƙasa. Gidaɗo ya ci ya ƙoshi, Audi ya suɗe akushi. Ba wanda ya taɓa zaunar da su ya faɗa musu haka, su ma ba su taɓa tambaya ba.

Bayan Nasara sun ci gari da 'yan shekaru, magana ta fito daga fada cewa Bature ya buɗe makaranta, kuma yana son kowane babban gida ya ba da ɗa. Malam Maigandi malami ne ɗan malamai, kakanninsa sun yi jihadi, ya ce muddin yana numfashi ɗansa ba zai durƙusa gaban Nasara ya ɗauki karatu ba. Da dogari ya zo, sai aka yi wa Audi aski, aka sa masa 'yar taguwa mai tsabta, aka miƙa shi da sunan ɗan gida. Iyatu ta bi su har bakin zaure tana kuka. Gidaɗo kuwa yana leƙe ta ɓular zana, yana jin daɗin cewa shi ya fi ƙarfin a ba da shi. Da yara suka riƙa cewa za a ciyar da Audi naman alade a mai da shi kafiri, har da shi a masu dariya.

Shekaru suka ja. Aka ce an wuce da Audi Kano ƙarin karatu, daga baya aka ce yana wajen Argungu yana bin Bature awon gonaki. Iyatu ta koma Dundaye. Malam Maigandi ya rasu, gida ya dawo hannun Gidaɗo, sai dai ba gidan da ya sani ba ne. Bayi da yawa sun ga Nasara ba su mai da wanda ya gudu, sun kama gabansu. Waɗanda suka rage a gandu tsofaffi ne da waɗanda ba su da wurin zuwa. Katangar baya ta faɗi da damina, ba a tayar ba. Gidaɗo yana da karatu ba laifi, yana da 'yan ɗalibai da ke ɗaukar fiƙihu a zaurensa, yana kuma ɗinkin hula a ɓoye cikin ɗaki, matarsa Juwairiyya ta ba wata tsohuwa ta kai kasuwa, don kada a ce ɗan Malam Maigandi ya koma cin allura. Duk da haka in ya fita da rawaninsa mutane na kauce masa hanya, mahauta da majema na tuɓe takalmi su gaishe shi, wannan kuwa ya ishe shi.

Rannan da hantsi yana tsakiyar ba da karatu, sai ya ji ihun yara a waje. Ɗalibansa suka fara waige-waige, ɗaya ya tashi ba izini, sauran suka bi shi. Ya rage shi kaɗai da littafi a buɗe. Can sai ga wani dogon mutum ya jingine keke a jikin dakali, abin da mutanen gari ke kira dokin ƙarfe, wanda Gidaɗo bai taɓa ganin baƙar fata a kai ba. Mutumin ya tuɓe takalmansa tun daga nesa, ya shigo a sunkuye, ya durƙusa a bakin ƙofa inda bayin gidan ke durƙusawa.

"Allah shi gahwarta Malam. Audi na, ɗan Iyatu."

Gidaɗo ya dube shi. Rigar da ke jikinsa fara ce sol, irin yadin kanti mai tsada, ƙamshin turare ya cika zauren. Gidaɗo ya ji hannunsa ya kai kan facin da ke gwiwar wandonsa ya rufe.

"Audi? Kai na haka? Sannu da zuwa. Yaushe gari?"

"Shekaranjiya. An maido ni ohishin Joji, Baturen mulki, ni ka yi mai tahinta, ina kuma duba takardun haraji. Na ji rasuwar Malam ina nesa, ban samu zuwa ba. Allah shi jiƙan shi."

Ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, bai ɗaga ido ba, bai zauna kan tabarma ba ko da aka nuna masa. Ya ajiye tsaraba, kan sukari da ganyen shayi da turmin atamfa na uwargida. Babu abin da Gidaɗo zai kama ya ce ga laifi. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne da Audi ya fita, ya jiyo muryar maƙwabcinsa, dattijo mai furfura, yana cewa, "Malam Audi, a sauka lahiya."

Malam Audi. Ya maimaita sunan a ransa. Shi sai da ya sauke Alƙur'ani, ya yi shekaru yana durƙuso gaban malamai, kafin a fara ce masa Malam. Wannan kuwa daga koyon rubutun hagu zuwa dama.

Ya shiga cikin gida ya tarar da Juwairiyya ta warware atamfar tana karawa a jikinta.

"Malam, dubi! Ko matan Waziri albarka. Ashe yaron ga bai manta gida ba."

"Naɗe ta ki aje," in ji shi. "Ba a ɗaura ta gidan ga."

Ta dube shi, ta ga fuskarsa, ta naɗe.

Daga ranar kamar an sa masa Audi a ido. In ya je masallacin Juma'a sai ya hango shi a sahun da bai kamata ya kai ba. In ya bi ta kasuwa sai ya ji ana labarin gidan da Audi ya saya, wai har zai ɗora soro. Hakimai da ke shigowa birni kan batun haraji, mutanen da mahaifin Gidaɗo ba ya tashi tsaye dominsu, yanzu sai sun biya ta gidan Audi da rago ko buhun shinkafa kafin su ga Bature, don kowa ya san maganar da za ta shiga kunnen Joji ta bakinsa za ta bi. Gidaɗo ya riƙa gaya wa ɗalibansa cewa duniya ce, ruɗi ce, mai aikin Nasara yana tare da Nasara gobe kiyama. Yana faɗa yana jin cewa da za a ce masa ga keken nan hau, da zuciyarsa ta yi tsalle. Yakan zauna ya yi ta lissafi a ransa: da ni aka ba da fa? Ni da na fi shi kai, ni da ko Fatiha sai da na yi ta maimaita masa? Da yanzu ni ne a can, ga asali ga muƙami. Sai ya yi istigfari, don tunanin kamar zargin mahaifinsa ne. Ba a jimawa tunanin ya dawo.

Abin ya kai maƙura ranar sunan jikan wani attajiri a unguwarsu. Gidaɗo ya isa da wuri, ya zauna inda gidansu ke zama tun zamanin kakansa, kusa da liman. Ana cikin raba goro sai ga Audi. Ya nufi can baya wajen takalma zai zauna, mai gida ya taso da kansa ya kamo hannunsa.

"Haba Malam Audi, ina za ka? Taho nan."

Aka shimfiɗa masa darduma tsakanin liman da Gidaɗo, har sai da Gidaɗo ya ɗan matsa. Audi ya yi ta noƙewa, amma ya zauna. Maroƙi ya buɗe murya, ya yi wa Gidaɗo kirarin kakanninsa a gurguje kamar mai biyan bashi, sannan ya juya kan Audi ya daɗe, yana kiransa bakin Bature, kunnen Bature, mai shiga inda hakimai ke jira a waje. Da aka kawo abinci, akushin da ya fi nama gaban Audi aka dire.

Gidaɗo bai iya haɗiye ko loma ba. Ya ce cikinsa ne, ya tashi. A hanya bai amsa gaisuwar kowa ba.

Lokacin gero ya nuna. Yari, tsohon da ke kula da gandun Dundaye, ya shigo birni ya shaida wa Gidaɗo cewa ran Lahadi za a shiga girbi, ga shi hannu ya yi kaɗan.

"Hannu bai yi kaɗan ba," in ji Gidaɗo. "Akwai wanda ba ku ƙirga ba. Ka biya gidan Audi ka ce mai nac ce shi hito girbi, shi da kowa."

Yari ya buɗe baki. "Malam, wane Audi?"

"Audi nawa ag gare mu? Dokar Nasara ta ce wanda anka haihwa bayan zuwansu ɗa na, ba bawa ba. Shi kafin su zo anka haihe shi. Bai hwanshi kai nai ba, ba a kuwa 'yanta shi ba. Cikin gadon da Malam ya bar man yake. Ko ƙarya ni kai?"

"A'a, ba ƙarya ba ta." Yari ya sosa ƙeya, ya tashi jiki a sanyaye.

Washegari da azahar Iyatu ta iso, ta tako tun daga Dundaye da sandarta, ƙafafunta duk laka. Ba ta tsaya a zaure ba, ta wuce har ƙofar ɗakinsa kamar yadda ta saba tun yana yaro.

"Inna, ke ta da rana haka? A kawo mata ruwa."

"Ban zo shan ruwa ba. Gidaɗo, mi yay yi ma?"

"Bai yi man komi ba."

"To don mi? Ya zage ka? Ya wuce ka bai gaishe ka ba? Hwaɗa man, ni da kaina ni ka mari nai, ko shina gaban Bature."

"Inna, aikin gandu na. Uban shi ya yi, kakan shi ya yi."

Tsohuwar ta daɗe tana dubansa. "Randa anka zo ɗaukar yaro, kai anka zo ɗauka. Nawa anka ba da. Na yi kuka har idona ya kumbura, ba wanda yac ce man sannu. Yanzu Allah ya juya abin ya zama alheri, shi kuma ba ka iya gani? Da wuta yat taras can, ai da ba ka ce a raba da kai ba."

Maganar ta shige shi, ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai. Da a ce ta tsaya nan, wataƙila da ya janye. Sai ta ƙara da cewa, "Ka bar shi, mutum na babba yanzu."

Ya ɗaure fuska. "Babba a ohishin Nasara. Ran Lahadi shi hito."

Ta juya ta fita, ba ta sha ruwan ba.

A zuciyarsa Gidaɗo bai zaci Audi zai zo ba. Abin da yake so ke nan ma: ya ƙi zuwa, gari ya ji cewa bawa ya yi wa ɗan ubangijinsa tsaurin ido, a san cewa komai farin rigarsa akwai igiya a ƙafarsa. Ran Lahadi ya yi sammako ya fita ta Ƙofar Dundaye a kan jakin aro, ya shiga jirgin fito ya haye gulbi. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin wata tsamiya a bakin gona. Geron ya yi kyau a shekarar, zangarniya ta sunkuya don nauyi. Mutanen gandu suka zo ɗaya bayan ɗaya suka durƙusa suka gaishe shi, suka shiga aiki.

Rana ta ɗan ɗaga sai ga Audi yana turo kekensa ta cikin yashi. Ya jingine shi, ya zo ya durƙusa.

"Allah shi gahwarta Malam, ga ni."

Ya tuɓe rigarsa ya naɗe, ya ɗora hula a kai, ya rage daga shi sai wando da 'yar shara. Ya naɗe ƙafar wandon, ya karɓi magirbi a hannun Yari, ya shiga kunya ɗaya da sauran.

Gidaɗo ya ji wani daɗi ya ratsa shi, irin wanda ya daɗe bai ji ba. Ga bakin Bature a duƙe, ƙaiƙayin gero na bin wuyansa. Hannun Audi ya manta aiki, yana sara yana kuskure, kafin wani lokaci tafinsa ya yi bororo ya fashe. Gidaɗo ya gyara zama, ya ciro goro ya ɓantara.

Daɗin bai kai hantsi ba. Wani saurayi da ke kusa da Audi ya riƙa sare rabin kunyarsa a ɓoye. Wani ya kawo masa malfa. Labari ya shiga ƙauye, mata suka fito bakin gona da ƙwaryar fura da nono, suna leƙe suna guɗa, wai ɗan Iyatu ya zo gida. Maza da ba su da alaƙa da gandun suka bar nasu gonakin suka zo da magirbansu, kowa na son a ce ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Malam Audi. Gonar da Yari ke kukan rashin hannu ta cika maƙil, kara na zuba ta ko'ina.

Can sai ga mai garin da kansa bisa doki, da mutanensa a baya. Gidaɗo ya gyara rawani, ya matsa gefe ya bar masa wuri a tabarma. Mai gari ya ɗaga masa hannu daga kan doki, "Malam, sannu da hutawa," ya wuce. A tsakiyar gona ya sauka, ya taka cikin kara da babbar rigarsa, ya kama hannun Audi mai jini da ƙasa da hannu biyu. Daga inda Gidaɗo yake ba ya jin abin da suke faɗa, amma ya ga mai gari na nuna fadama, ya san batun awon haraji ne. Ya ga Audi na nuno tsamiya da kai, alamar a je a gaida mai gona. Mai gari ya waiwayo ya sake ɗaga hannu, ya ci gaba da maganarsa.

Da aka tashi shan fura, Juwairiyya ta riga ta haɗo wa mijinta tasa tun daga gida a 'yar ƙwarya. Ya sha shi kaɗai a inuwa. Can cikin rana kuwa an yi da'ira, Audi a tsakiya zaune a kan dami, ana ta dariya, yana ba su labarin jirgin ƙasa da ya gani a Kano. Har Yari, wanda ya goyi Gidaɗo a kafaɗa yana yaro, yana can baki buɗe. Furar ta yi wa Gidaɗo tsami a baki. Ya kira mutumin nan ne don ya sauke shi ƙasa a gaban jama'a, ga shi jama'ar ta sauka ƙasan ta same shi.

Kafin la'asar an gama abin da aka saba yi a kwana da kwanaki. Dammuna suka yi tsibi. Audi ya wanke hannu da fuska, ya zo gindin tsamiya ya durƙusa, mutane suka biyo shi suka tsaya daga baya.

"Malam, an gama. Akwai sauran aiki?"

"Babu."

"To ina da magana, in an ba ni izini." Ya yi ƙasa da murya yadda su biyu kaɗai za su ji. "Na zo yau don kada a ce Inna ta haihi marar kunya, don kuma hakkin gidanku da nic ci tuwo nai. Amma gobe in Allah ya kai mu za ni gaban alƙali, in nemi a yanka man hwansa, ni da Inna. Ban so ka ji ga bakin wani."

Gidaɗo ya ce, "Kana da Bature, mi kaka yi da alƙali?"

"Bature?" Audi ya yi wani ɗan murmushi. "Bature yaro shika ce man, in tsaya bakin ƙohwa har shi gama shan shayi. Waɗanga da kag gani suna kama man hannu, in na ba da baya ɗan baiwa su ka cewa. Bara na nemi ɗiyar wani malami a Argungu, sunka amshi gaisuwata, sunka aiko a tambayi asalina, shi ke nan. Ko liman ya yi tahiya, ba mai cewa in shiga gaba in ba da salla. Kai ko da tsumma kaz zo, kai za a tura. Ban san abin da kaka gani gare ni ba, Malam, har shi hana ka sukuni."

Da wani ne ya ji wannan, da ya huce. Gidaɗo kuwa abin da ya ji shi ne har tausayinsa Audi ke ji, ya kuma gane ciwon da yake ɓoyewa. Ya hango kansa gobe a zauren alƙali, ana yanka wa ɗan Malam Maigandi kuɗi, Audi na zaro su daga aljihu ba tare da ya ji a jikinsa ba, gari na kallo. Abu ɗaya ya rage a hannunsa wanda Audi ba shi da shi, in ya bari gobe ta yi, shi ma ya tafi.

Ya miƙe tsaye, ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku matso ku shaida. Mai gari, ka shaida. Ni Gidaɗo ɗan Malam Maigandi, na 'yanta Audi da uwa tai Iyatu, don Allah, ladar ta kai ga mahaihina. Ban son ko wuri nasu. Daga yau ɗiya na, ba bayi ba."

Wuri ya ɗauki kabbara, mata suka rangaɗa guɗa. Mai gari ya zo ya kama hannunsa a karo na farko, yana cewa halin gidan ne, ba a mamaki. Gidaɗo ya dubi Audi yana jiran ya ga ya faɗi yana godiya da hawaye. Audi ya ɗago ya dube shi ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun suna yara, kallon wanda ya san dalilin kyautar.

"Na gode, Malam. Allah shi kai ladar."

Ya tashi ya sa rigarsa. Iyatu na can gefe zaune a kan kara, ba ta yi guɗa ba, ba ta kuma zo ta yi godiya ba. Audi ya je ya ɗaga ta, ya ce ta haɗa kayanta, yau a birni za ta kwana.

Rabin ƙauyen ya raka su bakin gulbi, wannan ya ɗauki ƙunshin tsohuwa, wancan ya tura keke. Gidaɗo ya biyo baya a kan jakinsa. Da ya iso mashaya an riga an sa keken cikin jirgi, Iyatu ta zauna, wuri ya cika. Audi ya yunƙura zai fito ya ba shi wuri, mai fito ya ce a'a, Malam Gidaɗo ya ɗan dakata, yanzu zai juyo. Gidaɗo ya tsaya a kan yashi riƙe da igiyar jaki, yana kallon farar rigar tana nisa a kan ruwa, mutane na ta ɗaga mata hannu.

Labarin ya riga shi shiga gari. Aka yi ta zuwa yi masa barka, liman ya ambace shi a wa'azi, har ɗalibai suka ƙaru a zaurensa. Geron shekarar ya kai su wata damina, ya tayar da katangar baya. Audi bai fasa zuwa gaisuwar Juma'a ba, sai dai yanzu a kan tabarma yake zama, su yi maganar ruwa da ta tsadar gishiri, ya tashi. Iyatu ba ta ƙara taka gidan ba har ta rasu, ko da yake duk salla takan aiko wa 'ya'yan Gidaɗo da ƙuli-ƙuli.

Audi ya yi ta hawa, har ya zama ana jin sunansa a ƙasar Sakkwato duka. Gidaɗo ma ya tsufa da mutuncinsa, ana zuwa daga nesa neman fatawa wurinsa. Amma bai warke ba. Wata rana yana zaune a zaure da carbi, ya ji wani baƙo a waje yana tambayar gidan Malam Gidaɗo. Wanda aka tambaya ya ce, "Au, gidan da Malam Audi yat tashi? Ga shi nan gabanka." Baƙon ya yi sallama har sau uku kafin Gidaɗo ya amsa.